Shekarar da Bidi Ya Koyi Miƙe Hanya

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin Bidi, kuma duk ranar da na ji sai in tarar kun zuba gishiri inda ba a so, kun hana inda ake bukata. Kuna cewa wani zoben Turawa da aka ƙera don kyanwa shi ya warkar da dokin gidanmu. Kuna kuma cewa Baffanku Idi, Allah ya jiƙansa, ya so ya ƙone masa ƙafa saboda taurin kai irin na mutanen da. Maganar zoben har yau ban san iyakar gaskiyarta ba. Maganar Baffanku kuwa zalunci ce, kuma ni na jawo masa ita da na yi shiru shekara da shekaru ina jin daɗin ana ce mini mai hangen nesa. Don haka kafin idon nan ya ƙarasa tafiya, bari in rubuta abin yadda ya faru.

Ku da kuka tashi kuka tarar da inji mai shan man dizal ba ku san yadda muke matsar rake a da ba. A bakin fadamarmu, yamma da Kafin Maiyaƙi, akwai injin ƙarfe da aka kafe a kan kututture, da doguwar sanda a samansa. Ana ɗaura wa doki ƙarshen sandar ya yi ta zagaye, ƙarafan suna juyawa, mutum yana zaune yana cusa rake, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. Daga nan sai babban kasko, a dafa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Injin gefe ɗaya yake ci, saboda haka dokin ma hagu yake bi tun safe har la'asar. Mahaifinmu yana da wata ɗabi'a: kullum aka tashi aiki sai ya ja dokinsa ya bi gaɓar rafi da shi har wata tsamiya mai nisa, sannan su dawo. Mu dai mun ɗauka hira yake zuwa wurin abokansa masunta. Da ya rasu aka raba gado, Yaya Idi ya ɗauki gonar tudu da ƙarafan lalas da ake gasawa a ɗana wa dabba mai ciwo, don shi ya koyi jinyar dawaki a hannun Baba, ni kuma na ɗauki fadama da injin. Abin da na fara yi shi ne na soke wannan yawon na la'asar, domin na lissafa lokacin ya isa a matse ɗaurin rake biyu. A lokacin ina ganin kaina da wayo ƙwarai.

Bidi ya zo hannuna yana ɗan shekara huɗu, ya juya mini injin nan shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa ɗaga masa bulala ba, don bai bar mini dalili ba. Da jin an kira azahar yake tsayawa da kansa, da na sallame na miƙe yake ci gaba. A shekarar da nake ba ku labari rake ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, kara kamar damtsen mutum. Muna mako na uku da fara matsa, ranar wata Talata da safe, na je kwance shi daga turke na tarar ya ɗage ƙafar gaba ta hagu, bakin kofato kawai ke taɓa ƙasa. Na shafa bayan ƙwaurin na ji ya kumbura, da zafi rau. Duk da haka, Allah ya yafe mini, na ja shi zuwa injin. Ya yi zagaye uku, a na huɗu ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Bai yi haniniya ba, juyowa kawai ya yi ya dube ni.

Na aika aka kira Yaya Idi. Ya tsuguna ya matsa wurin da babban yatsa.

"Jijiya ce, Garba," in ji shi. "Jibi da safe zan sa masa wuta, layi uku. In Allah ya so bayan kwana ashirin ya taka."

Kafin jibin labari ya kai kasuwa. Sai ga wani mai sayen guragun dawaki, irin waɗanda ake lodawa a mota a kai kudu a yanka, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya zagaya Bidi yana latsa masa cinya kamar mai zaɓen kabewa.

"Malam, doki mai jijiya ya gama yayi," ya ce. "Ka sallama tun yana da nama a jiki, ka sayi wani ka ceci rakenka."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Ina tsaye ina jujjuya ta sai muryar mahaifiyarku Hajara ta fito daga bayan zaure, ita da ba ta saba sa baki in ina tare da baƙo ba.

"Malam, dokin da ya aurar maka da 'ya'ya uku za ka sa a mota?"

Mutumin ya shafa gemu ya tafi. Ashe Hajara ba ta tsaya nan ba. Tana da lambar wata likitar dabbobi da ta taɓa zuwa daga Tudun Wada ta yi wa awakinta allura, ta ɗauki waya ta kira ta ba tare da ta shawarce ni ba.

Ranar Alhamis da hantsi an hura gawayi a gindin darbejiya, ƙarafan Yaya sun fara ja, maza huɗu suna riƙe da igiyoyin kayar da doki, sai ga babur ya tsaya. Wata yarinya ce siririya, da akwati ɗaure a baya. Sunanta Likita Dije, 'yar makiyaya ce daga wajen Doguwa. Ta dubi wutar, ta dubi igiyoyin, ta gane wane ne babba a wurin. Ta wuce ni ta je gaban Yaya Idi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi iyali da gajiya, ba ta yi gaggawa ba.

"Baba, a ba ni izini in duba shi kafin a sa wutar?"

"Duba mana, 'yata. Ƙarfen ma bai gama ja ba."

Bidi ba ya son baƙo, ya taɓa yage wa wani dillali hannun riga. Amma yarinyar nan ta matso ta gefen kafaɗarsa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, ban tsinci komai ba sai "puccu", wato doki. Kafin in ce ta yi hankali, ya sauke hancinsa a kafaɗarta ya saki numfashi. Ta bi jijiyar da yatsu biyu tun daga gwiwa har ƙasa, idonta a rufe kamar mai sauraron wani abu. Ta ɗaga kofatan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini na hagun ya cinye ta gefe guda. Sannan ta ce a kai shi filin sussuka a cire ragama ya ɗan taka, tana so ta ga yadda yake ɗora ƙafar.

Abin da na gani a filin nan shi ne dalilin wannan rubutu. Fili ne fetal, babu turke, babu sanda, babu igiya. Bidi ya yi taku kamar goma yana ɗingishi, sai wuyansa ya karkata hagu, jikinsa ya bi, ya shiga zagaye. Ya zagayo ya dawo daidai inda ya fara, ya sake ɗaukar wani, faɗin da'irar daidai tsawon sandar injin, ko taki ɗaya bai ƙaru ba. Yana juya injin da babu shi, da ƙafa uku da rabi, don a saninsa tafiya ke nan. Na ji tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a wurin wa'azi, domin na ga shekara goma sha ɗaya na hannuna a rubuce a jikin wata halitta.

"Baba, shekara nawa yana bin gefe ɗaya?" Likita ta tambaye ni.

"Sha ɗaya."

"In an tashi aiki ba a miƙar da shi, ko a juya shi ɗaya gefen?"

Na dubi Yaya Idi. Shi kuma ya dubi wutarsa.

Ta koma gabansa ta sake rusunawa, ta yi maganarta a hankali, amma kowa ya ji.

"Baba, ku kuka riga mu sanin dawaki, kuma gaskiyarku jijiya ce. Sai dai abin da aka koya mana, wuta ba ta ɗinke jijiya, hutu ne ke ɗinke ta. Wannan kuma kwana ashirin ba za su ishe shi ba. In ya koma injin bana za ta tsinke gaba ɗaya, daga nan sai wuƙa. Ina roƙo a bar shi ya huta har damina."

Har damina, alhali rake yana tsaye a fadama, kuma a lokacin matsa babu mai ba ka aron doki ko ɗan'uwanka ne. Kowa ya zuba mini ido. Har yanzu ina ganin dokin can a fili yana zagayensa, ba wanda ya tuna ya tsayar da shi. Na buɗe baki na ce abin da ban taɓa ce wa yayana ba tun da aka haife ni.

"Yaya, a cire ƙarfen."

Bai yi musu ba. Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a kan gawayin, ya jira ƙarafan suka huce, ya naɗe su a buhu ya saɓa a kafaɗa. A gaban mutanen da ya yi wa dawakinsu da jakunansu jinya shekara arba'in, ƙaninsa ya zaɓi maganar sa'ar 'yar cikinsa. Daga ranar ya daina shiga zaurena. Mukan gaisa a masallaci, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Raken kuwa na sayar da rabi ɗanye ga masu lodi zuwa Kano yadda suka ga dama, sauran ya bushe a tsaye ya zama abincin gara. Karo na farko tun zamanin Baba, ƙamshin mazarƙwaila ya ɗauke a gidanmu tun lokacin matsa bai ƙare ba. Mahaifiyarku ta sayar da awakinta biyu muka ci tuwo, ba ta taɓa goranta mini ba.

Likita ta yi masa allurar rage zafi, ta gyara kofaton, ta koya mini naɗe ƙafar da kwarara mata ruwan randa safe da yamma. Bayan mako guda ta dawo da wani abu a jaka. Zobe ne na roba, faɗinsa kamar gammo, da ɗan akwati a jiki kamar na ashana. Ta ce wata mata ce a Kano ta saya don tsohuwar kyanwarta mai ciwon ƙugu, da kyanwar ta mutu ta ba ta. Ana zura shi a ƙafa a danna, ya yi minti goma sha biyar ya kashe kansa, a yi masa caji kamar waya. Wai ƙarfin maganaɗisu yake turawa cikin nama. Na sa a hannuna na danna. Babu zafi, babu sanyi, babu motsi, sai wata 'yar koriyar wuta tana ƙiftawa.

"Likita, wannan ai ba ya komai."

Ta yi dariya ta ce in kawo rediyona. Ta murɗa shi zuwa inda babu tasha, ta matso da shi kusa da zoben. Sai ga rediyon yana ƙas, ƙas, ƙas, a jere kamar bugun zuciya. Ta janye, ya yi shiru. Ta matso, ya ci gaba. Na karɓa na gwada da kaina ya fi sau goma, na sa tafin hannuna a tsakani, ƙarar ba ta fasa ba. Wani abu yana ratsa namana da ƙashina yana wucewa, ni ban ji ba, ban gani ba, amma ga shaida a kunnena. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicci abin da ido ba ya kamawa. Hajara da ke leƙe ta ce in mayar mata da rediyo kafin in ƙarar da batir a kan wasan yara.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba," in ji Likita. "Wasu likitocin sun yarda yana rage zafi da kumburi, wasu sun ce ba a tabbatar ba. Ba ya cutarwa dai. Amma sai ka zauna ka riƙe ƙafar har ya gama, sau biyu a rana, kada ka wakilta kowa."

Haka na zama abin dariyar gari. In na wuce majalisa sai a ce ga Garba mai jinyar kyanwa, wani ya tambaya ko dokin ya fara kama ɓera. Ni kuwa safe da la'asar ina kan turmi a gindin turke, ƙafar Bidi a hannuna. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ashe ban taɓa zama na dube shi ba, bayansa kawai nake gani yana wucewa. A zaman nan na ga kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Na ga inda igiya ta cinye gashin ƙirjinsa ya zama fata mai sheƙi. Na ji yadda jini ke bugawa a ƙarƙashin yatsana, na ga jijiyar da ba ta fi kaurin igiyar guga ba, wai ita ce ta ɗauki gidanmu duk shekarun nan. Wata rana yana cin harawa ya tsaya ya ɗora haɓarsa a kan hulata ya yi gyangyaɗi. Na ƙi motsi har wuyana ya ƙage.

Bayan wata biyu kumburin ya sauka. Likita ta ce a fara jan shi a hannu kaɗan-kaɗan, a miƙe, kada ya karkata, don in ya ci gaba da zagaye ciwon zai dawo. A nan na gane jinyar ba ta ma fara ba. Taku goma sai ya lanƙwasa hagu. In na ja shi dama sai ya tsaya cak yana rawar jiki, idonsa ya yi fari, kamar na ce ya taka wuta. Na yi lallashi, na yi dabarar dusa a ƙwarya, na yi mako uku ban ci nasara ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara tunanin na yi asarar rake da ɗan'uwa a banza.

Wata safiya muna wannan kokawa a filin sussuka sai na ji an karɓe ragamar daga hannuna. Yaya Idi ne. Ashe kullum yana kan hanyar gonarsa yana kallonmu. Bai gaishe ni ba. Ya ja dokin zuwa gaɓar rafi, inda hanya ta matse, ruwa a dama, shingen ƙaya a hagu. Ya tsaya ta hagunsa ya jingina kafaɗarsa da wuyan dokin, ya fara tafiya yana wani ɗan fito da na rabu da ji tun ina saurayi. Bidi ya nemi karkata ya ji mutum, ya nemi tsayawa ya ji fito. Sai ya taka. Ina biye da su har suka yi taku ɗari ba su lanƙwasa ba.

"Kana tsammani hira Baba yake zuwa wurin masunta?" Yaya ya ce, bai waiwayo ba. "Warware dokin yake yi. Abin da ya naɗa tun safe, sai ya kwance shi kafin ya kwana. Na gaya maka shekarar da ya rasu, ka ce mini yawo ba ya cika kasko."

Wallahi na faɗa, kuma na manta na faɗa sai a ranar.

"Me ya sa ba ka tona ni a gaban Likita ba, Yaya?"

"In ce me? In ce ƙanina ya gurgunta dokinsa don ɗaurin rake biyu? Gara a ce ni ne tsohon banza mai wuta."

Ku ji wannan da kyau. Mutumin da kuke cewa mai taurin kai ya ɗauki kunyata ya aza a kansa wata uku, ni kuma na bar shi da ita. Na tsuguna a gaɓar rafin nan na ba shi haƙuri ina hawaye, da furfurata. Ya ce in tashi kada masu ban ruwa su gan mu. Daga ranar kullum da la'asar shi yake zuwa ya ja Bidi, yau su ƙara taku ashirin, gobe talatin, har suka kai tsamiyar Baba.

Da aka yi ruwan farko Likita Dije ta zo karɓar zobenta, wai akwai wani karen farauta a Bebeji da ke jiransa. Ta duba ƙafar ta ce jijiyar ta kama, zai iya ɗaukar mutum a hankali, amma shi da injin har abada. Na ce na riga na sani. Sannan na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"'Yata, tsakaninki da Allah, zoben nan ne ya yi aiki, ko kin ba ni shi ne don kin san irinmu ba ma yarda hutu magani ne sai an ba mu abin riƙewa?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Baba, ni dai na san ka zauna."

Ta ce a kai shi filin sussuka ta gani, kamar ranar farko. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshi. Yaya Idi da kansa ya zare ragamar ya ja da baya. Babu shinge, babu kafaɗar kowa. Bidi ya yi taku goma ya tsaya. Na ga wuyansa ya fara karkata hagu, na ga naman kafaɗar yana rawa. Ya daɗe a haka, kansa a karkace, kamar mai sauraron kiran da ya saba amsawa. Babu wanda ya yi fito. Sai ya girgiza kai, ya busa hanci, ya ɗaga ƙafar nan ta hagu ya ajiye ta gaba.

Ya ratsa filin ya fita, ya wuce injin ko kallo bai yi masa ba, ya nufi gaɓar rafi. Yaya Idi ya sunkuya yana duban sawun a ɗanyar ƙasa, layi ɗaya tun daga ƙafafunmu har inda ido ya tsaya. Da ya ɗago na ga gemunsa ya jiƙe.

"Garba," ya ce, "tsamiya za shi."

Muka bi bayansa, ni da yayana, ragamar tana rataye a kafaɗarsa, ba wanda ya yi sauri don ya kamo shi.